Ranar da Gregory Ya Kawo Injin Kofi Gidanmu

Masu turo min saƙo kuna cewa, "Winifred, kin cika raina mutane, shi ya sa har yau kike zaune a gidan ubanki," na ji, na gode. Ku gyara zama ku ji abin da ya faru a gidanmu ƙarshen makon nan, sannan ku faɗa min ko ni ce mai rainin.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce autar Malam Mordecai, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, gidanmu na nan Samaru bayan kasuwa. Ina koyar da Kemistiri a wata sakandare a hanyar Bomo. Mahaifiyata, Mama Sarah, ita ce ke ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu, kuma tun ranar da aka kai yayata Diana ɗakin mijinta, Mama ba ta da wata addu'a sai tawa. Ko abinci za a sa wa albarka, sai ta lanƙwasa addu'ar ta biyo ta kaina: "Ya Uba, ka albarkaci tuwon nan, ka kuma tuna da Wini."

To, a ganin Mama an tuna da ni. Amsar addu'ar sunanta Gregory, ɗan Dattijo Martins, dattijon ikilisiyarmu, wanda gidansu ke can gaba da mu kusa da coci. Tare muka yi makarantar Lahadi da shi, ina tuna shi da majina har leɓe. Ya je wani ɗan kwas na 'yan watanni a Italiya ya dawo, shi ke nan Hausa ta fara yi masa nauyi a baki. Ruwan Zariya na ɓata masa ciki. Ƙurar Samaru na taɓa masa ƙirji. Burinsa ya buɗe shagon shan kofi kusa da ƙofar jami'a, amma kafin nan ya buɗe shafi a intanet inda yake koya wa 'yan Najeriya yadda ake rayuwa. An riga an tsayar da cewa Asabar mai zuwa iyayensa za su zo gaisuwa gidanmu. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce a ba ni lokaci, Mama kuma ta ji "e", ta kai labari zumunta.

Ranar Juma'a da yamma, saura kwana takwas a zo gaisuwar, ina gyaran takardun ɗalibai saƙonsa ya shigo.

"Ciao bella. Gobe zan zo da injina in koya miki kafucino. Ranar gaisuwa daga hannunki nake so su Daddy su sha."

Kafin in gama yamutsa fuska wani ya biyo baya.

"Ki nemo madarar kwali mai cikakken mai, ta yi sanyi ƙalau. Ban da ta gari, ban da ta gwangwani, please. Kuma ki sa atamfa da ɗankwali. Something local."

Jama'a, ni da nake sa atamfa kusan kullum, ranar ce na fara jin na tsane ta. Na rubuta masa, "Da tulu a ka ko babu?" Ya turo fuskokin dariya, ya ce yana son yadda nake da barkwanci. Bai ma gane zagi ba ne.

Kuskuren da na yi shi ne karanta wa Mama saƙon. Ta ajiye tsintsiya ta dafe ƙirji.

"Kin gani ko? Yaro ya ƙetare teku ya dawo, bai ce ki sa wando ba, ya ce atamfa. Wini, ki ji tsoron Allah ki riƙe yaron nan."

"Mama, shayi fa zai koya min haɗawa."

"Ko ruwan zafi ne ki tsaya ki koya. Ni da Babanki da me muka fara? Tashi da wuri gobe ki nemo madaran nan."

Samaru kaf ban samu irin madarar ba. Sai da na hau keke napep zuwa Kwangila, na sake wani zuwa Sabon Gari, cikin zafin bazarar nan da ke narkar da kwalta. A shagon Oby na samu, wata 'yar Ibo da muke sayen kayan kek a wurinta lokacin Kirsimeti. Ta miƙo min kwalayen tana kallona sama da ƙasa.

"Aunty teacher, who wan drink this one for una house?"

Na ce mata baƙo ne daga Italiya. Ta ce wane Bature ne? Na ce ɗan Dattijo Martins. Ta yi dariya har sai da ta riƙe kanta, ta ce ai shekaran jiya ta gan shi gaban mai masara yana cinikin gasasshiya da Turanci.

Da na dawo na tarar gida ya zama wani abu. Mama ta sauke labulen Kirsimeti ta rataya, ta sa wa kujeru rigunansu na saƙa, ta goge hoton auren Yaya Diana har yana ƙyalli. Kofunan tangaran da ke kulle a kabad tun ina firamare, waɗanda ko Fasto bai taɓa shan ruwa da su ba, an fito da su an jera a tire. Ta zaɓar min atamfa mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, ta tsaya a kaina sai da na ɗaura ɗankwali. Ita kuma ta sha leshinta ruwan hoda na zuwa biki. Baba yana ƙarƙashin darbejiya da rediyonsa, ya bi mu da ido ta saman tabarau.

Bayan azahar sai ga motar Dattijo ta tsaya a ƙofa. Bari in kwatanta muku angon da ake min tanadi. Wando ya ɗame shi ya tsaya can saman idon sawu kamar an yi masa rowar yadi. Takalmi sau-ciki babu safa. Riga fara an buɗe maɓallan sama, sannan, ku riƙe ni kar in faɗi, ya naɗa ɗan mayafi a wuya. A Zariya. A watan Afrilu. Gumi na bin bayan kunnensa amma mayafin na nan.

Ya shigo rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri zuwa baftisma. Ya koma ya ɗauko ƙafar kamara da wata fitila mai zagaye. Da ya iso gaban Baba bai ko rusuna ba, ya miƙa hannu.

"Good afternoon, sir."

Baba ya dubi hannun, ya dubi idon sawun, ya ce, "Sannu, Gregory. Ya su Dattijo? Tela bai gama wandon ba ka karɓo?"

Gregory ya yi dariya ya ce haka ake yayi a Milano. Mama ta yi wuf ta shiga tsakani, "Shigo, shigo ɗana, rabu da Babanku da zolaya."

A teburin cin abinci ya girke injin. Wani abu ne na ƙarfe mai sheƙi, girmansa bai kai ƙaramin janareta ba, da tankin ruwa a baya da wani siririn bututu a gefe. Ya kafa wayarsa a kan ƙafar kamara, ya kunna fitila ta haske mana ido. Na ce na mene ne wannan? Ya ce don tarihi, wata rana 'ya'yanmu za su kalla. Mama ta ce "Amin" da ƙarfi har sau biyu.

Daga nan aka shiga darasi. Ya zuba ƙwayar kofi a wani ɗan injin niƙa, ta zama gari, ƙamshi ya cika falo. Gaskiya ƙamshin akwai daɗi, ba zan yi wa kofi ƙarya don na raina mai shi ba. Ya cika wani ɗan ludayin ƙarfe mai dogon mariƙi da garin, ya danne shi da wani abu kamar hatimi, ya murɗa ludayin a bakin injin, ya danna maɓalli. Injin ya yi gurnani, sai ga wani baƙin ruwa mai kauri yana tsiyaya siriri cikin kofi, da 'yar kumfa ja-ja a samansa. Duka-duka bai wuce kurɓa biyu ba.

"Wannan shi ne esfireso," in ji shi, yana kallon kamara ba mu ba. "Shi ne tushen komai. Mummy, ɗanɗana."

Mama ta karɓa da hannu biyu kamar jibin Ubangiji. Ta kurɓa. Na ga idonta ya rufe, bakinta ya tattare wuri guda, wuyanta ya ƙi haɗiyewa, ta tilasta masa. Hawaye ya taru mata.

"Mm," ta ce. "Akwai daɗi. Ɗana, ba a ɗan sa sukari?"

"Sukari? Mummy, a Italiya in kin sa wa wannan sukari kin zagi wanda ya haɗa."

"To a bar shi, a bar shi. Haka ma ya yi."

Ya haɗa wani ya kai wa Baba har ƙofa. Baba ya taɓa da leɓe ya mayar masa.

"Mun sha irin wannan a asibitin mishan muna yara. Amma mu lokacin ba mu da lafiya."

Sai aka zo kan madara. Ya zuba mai sanyin a wani ɗan jug na ƙarfe, ya tsoma bakin bututun nan ciki kaɗan, ya murɗa. Tururi ya fito da tsaki, madarar ta shiga juyawa tana kumbura. Yana yi yana min bayani a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, irin yadda ake wa ɗan makarantar naziri.

"Kin ga, baby, wannan hayaƙin sunansa tururi. Ruwa ne in ya yi zafi sosai yake zama haka."

Ni. Ni da na yi shekaru ina tsaye gaban allo ina koyar da wannan. Na ce, "Allah Sarki. Ashe haka ne." Ya gyaɗa kai yana jin daɗin ya ilimantar da ni.

Ya buga gindin jug ɗin a tebur, ya juya shi, ya tsiyaya madarar kan baƙin kofin yana karkaɗa hannu. Ya ce zuciya ya zana min a sama. Na leƙa. Abin ya fi kama da ƙodar akuya, amma Mama ta tafa.

"Kai! Yaron nan da hikima yake. Me ka ce sunan shi?"

"Kafucino, Mummy."

"Kafi-Caina."

Ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Sake faɗa, Mummy, don Allah sake faɗa. Kalli nan wurin."

Mama ta kalli kamara, ta gyara ɗaurin kanta, ta faɗa da murmushinta mai wushirya, "Kafi-Caina!" Ita murna take yi surukinta na wasa da ita. Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, amma na ce a raina, Wini, kin fara ko? Bar mutane su yi dariyarsu.

Da layi ya zo kaina, na niƙa, na cika ludayi, na danne, na murɗa. Ya tsaya a bayana yana gyara min gwiwar hannu, turarensa na hawa min kai. Baƙin ruwan ya gama sauka ke nan, na ɗauki jug zan sa a bututu, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyin ƙarshe ta tsaya. Injin Italiya ya yi shiru kamar an mare shi.

Gregory ya kama ƙugu. "This country! Kun gani ko? Kun ga abin da nake faɗa?" Ya tambayi janareta. Na ce namu fitila da fanka kawai yake ɗauka, in aka haɗa masa wannan sai ya mutu a tsaye. Ya shiga zagaye falo yana cewa esfireso ba ya jira, yanzu zai mutu a kofi. Mama ta rikice kamar an ce mata an fasa auren, ta matso ta ƙasa-ƙasa tana mintsinina.

"Yi wani abu mana, yarinyan nan. Kar ran shi ya ɓaci."

Don in huta da mintsini na shiga kicin. Na ɗora madarar a kan gas cikin ƙaramar tukunya, na bar ta ta yi zafi ba ta tafasa ba, na sauke. Na zaro maburgin da Mama ke kaɗa miyar kuka da shi, na wanke shi tas, na tsoma, na shiga murza shi tsakanin tafukana. Kumfa ta fara tasowa. Ba irin mai laushin nan ta injin ba ce, tata manyan idanu gare ta, amma kumfa ce.

Ban ji shigowarsa ba. Na ɗago kawai na ga waya a saitin fuskata.

"Oh my God. Ci gaba, ci gaba! Kar ki kalle ni. Ɗan turo ɗankwalin gaba. Za ki iya durƙusawa a ƙasa ki yi? Zai fi kyau."

"Ba zan iya ba."

"To Mummy, zo ki karɓa. Ki yi mana da waƙa."

Mama kuwa ta karɓi maburgi. Ta durƙusa a kan simintin kicin da leshinta na biki, ta sa tukunya a gaba, tana burgawa tana rera waƙar zumunta da muryar nan tata da ke sa mata kuka a coci, tana rausaya kafaɗa. Shi kuma yana zagaya ta da waya, yana cije leɓe don kar dariya ta fito. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙeyarsa da jiƙaƙƙen mayafinsa, ina tunanin wai wannan ne zan riƙa durƙusa wa da safe.

Na zuba madarar a kan kofin da ya riga ya huce. Ya ɗanɗana, ya ce kumfar sabulun wanki ce, amma na yi ƙoƙari. Da zai tafi ya bar injin a gidanmu, wai in yi ta gwaji kafin ranar gaisuwa. Mama ta raka shi har mota, ta dawo ta lulluɓe injin da sabon zane kamar amarya.

Washegari Lahadi. Ranar nan zumuntar mata ce ke da waƙa, Mama ta sa anko ɗinsu, zane da farar riga da ɗankwali, ta tsaya a gaba ta ba da waƙa kamar kullum. Na lura wasu 'yan matan kwayar cocin suna haɗa kai suna ƙunshe baki, ban kawo komai ba. Da aka tashi sujada muna fitowa, sai wata daga cikinsu ta ɗaga murya daga bakin ƙofa, "Mama Kafi-Caina!" Sauran suka tuntsire. Wasu samari a kan babura suka amsa. Mama ta ɗaga musu hannu tana dariya.

"Kin ji? Har ya ba su labari. Yaron nan ya ɗauke ni uwa."

Ni dai gabana ya faɗi. Muna isa gida na shige ɗaki na kunna wayata. Saƙon Nana Hafsat ne a sama, abokiyar aikina da muke hawa keke ɗaya zuwa makaranta.

"Wini, kin ga abin da mutumin naki ya saka? Kar ki buɗe a gaban Mama. Wallahi raina ya ɓaci."

Na buɗe.

Ya yanka bidiyon ya haɗa shi da gwaninta, wannan kam na ba shi. Ga shi nan a farko, tsaf da shi, yana zuba madara. Sai fuskar Mama lokacin da ta kurɓi ɗacin nan, an jawo ta kusa ta cika waya, an rage gudu yadda kowace tattarar bakinta za ta fito, an sa kukan akuya a ƙasa. Sai "Kafi-Caina" an maimaita, an maimaita, an mayar da shi kiɗa. Sai ni da ɗankwali a goshi ina murza maburgi. Sai Mama durƙushe a ƙasa, an cire waƙar yabon da take yi an sa wani kiɗan ganguna irin na fina-finan daji. A sama ya yi rubutu da Turanci da manyan baƙaƙe. Mutane dubbai sun kalla. A ƙasa ana ta zuba dariya, shi kuma yana bi yana amsawa.

Nan take na kira shi. Ya ɗauka da fara'a, ina jin ƙarar cokula a bayansa.

"Baby! Kin gani? Ya tashi! Ban taɓa saka abin da ya tafi haka ba."

"Gregory, sauke shi."

"In sauke? Kin san mutum nawa suka bi shafina daga jiya zuwa yau? Kontent ne kawai. Mummy ta zama tauraruwa."

"Ka sa wa uwata kukan akuya."

"Ai sound ne, kowa na amfani da shi. Matsalarku ke nan a ƙasar nan, ba ku gane barkwanci. Ki kwantar da hankalinki, ranar gaisuwa za mu yi kashi na biyu, za ki ga..."

Na kashe. Da a ce a gabana yake, da mayafin nan na wuyansa ya yi amfani karo na farko.

Ina zaune a bakin gado ina tunanin yadda zan ɓoye wa Mama, sai ga ta ta ɗaga labule, ko anko ba ta cire ba, fuskarta fal murna.

"Wini, Maman Bibiana ta zumunta ta kira ni yanzu, wai ina cikin waya, duk gari an gan ni. Nuna min in ga yadda leshin ya fito."

"Mama, bari sai an jima. Caji ya..."

"Ga shi nan a hannunki yana haske. Kawo."

Na so in yi ƙarya. Na so in ce ya goge. Amma na tuna gobe za ta shiga kasuwa, jibi za ta je zumunta, kowa ya san abin da ake wa dariya ban da ita. Na miƙa mata.

Da farko tana murmushi. Da fuskarta ta cika wayar, akuyar ta yi kuka, murmushin ya tsaya a inda yake bai san hanyar komawa ba. Ta kalla har ƙarshe. Bidiyon ya sake farawa da kansa, ta sake kalla. Wurin da take durƙushe ta kai wayar kusa da kunne.

"Ina waƙan da na yi?"

"Ya cire, Mama."

Ta juya ta fita tsakar gida, na bi ta. Baba na kan kujerarsa a ƙarƙashin darbejiya. Ta miƙa masa wayar.

"Baban Diana, kai ne malamin Turanci. Karanta min abin da aka rubuta a saman nan. Kar ka rage min komai."

Baba ya gyara tabarau. Ya kalli bidiyon. Ya dube ni, ya dube ta.

"Sarah, bar shi."

"Karanta."

Ya karanta da muryar da yake karanta Littafi da safe, ba hawa ba sauka. "Ya ce, 'Aikin wayar da kan surukaina 'yan ƙauye, kashi na ɗaya.'"

"Na ƙasan fa? Na ga sunan shi a wurin."

Baba ya ja yatsa. "Wani ya ce masa, 'Ka tabbata za ka iya zama da waɗannan?' Shi kuma ya amsa, 'Yarinyar za ta gyaru, ina kan aiki. Tsohuwar kam sai addu'a.'"

Na jira kuka. Na san Mama, abu kaɗan ke sa ta hawaye, ko wa'azi ya yi daɗi sai ta jiƙe gefen zane. Amma idonta a bushe yake ƙamas. Ta dubi tafukan hannunta, ta juya su.

"Na durƙusa mishi a ƙasa," ta ce a hankali. "Da leshina."

Sannan ta ɗago ta dube ni, irin kallon da rabona da shi tun ina yarinya.

"Wini, kina son yaron nan?"

Tunda aka fara maganar nan, yau ne karo na farko da wani ya tambaye ni.

"Ba na son shi, Mama. Ban taɓa son shi ba."

"To me ya hana ki faɗa?"

Na buɗe baki in ce na faɗa ta hanya ɗari ba ki ji ba, Baba ya girgiza min kai kaɗan. Na rufe bakina.

Mama ta shiga falo. Muka ji ƙarar tire. Ta fito rungume da injin, ta yaye zanen da ta lulluɓe shi da shi, ta naɗe zanen ta yi gammo ta ɗora a kan ɗankwalin zumunta.

"Ɗora min."

"Mama, ga kwalinsa can, bari in kira keke..."

"Ba kwali, ba keke. Ai 'yan ƙauye ne mu, a ka muke ɗaukan kaya. Ɗora min."

Na ɗora mata. Igiyar wutar na reto a bayanta, bututun tururin ya yi tsaye a gefe yana ƙyalli a rana. Na kwaso ludayin da jug ɗin da injin niƙa na zuba a leda. Baba ya miƙe, ya sa hularsa, ya ɗauki sandarsa, ya kulle ƙofar gida.

Haka muka fito layi. Mama a gaba, kai a miƙe, ko dafa kayan ba ta yi ba. Masu shago suka leƙo. Ɗaliban da ke zaune a bakin gidajen haya suka bar hirarsu. Wani ya fara cewa "Kafi..." Mama ta juyo da injin gaba ɗaya ta dube shi, sauran kalmar ta maƙale masa. Matan zumunta biyu da ke dawowa daga gaishe da mara lafiya suka gan mu, suka dubi juna, suka biyo bayanmu ba tare da sun tambayi ina za a je ba. Kafin mu wuce coci sun zama ayari.

A ƙofar gidan Dattijo Martins motar Fasto na fake, da ta wasu dattawa. Ashe cin abincin rana ake yi. Ta saman katanga ina jiyo muryar Gregory yana ba su labarin Milano.

Mama ta tsaya a gaban get ɗin, gumi na sauko mata ta ƙarƙashin gammo. Ba ta sauke kayan ba.

"Wini, wayanki na da caji?"

"Akwai, Mama."

"Kunna kamaran. Ki tsaya ta nan inda fuskan shi zai fito sosai." Ta gyara tsayuwa, ta share goshi da bayan hannu. "Baban Diana, buga ƙofan."

Baba ya ɗaga sandarsa ya buga. A ciki, cokula suka yi shiru.